Fim mai araha don koyon ɗaukar hoto: abin da na gani a Kentmere da Fomapan

Duk wanda ya gaji tsohuwar kyamara mai cin fim, ko ya saye ta don sha'awa, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa ba a kyamarar tsadar take ba. Kyamara sau ɗaya ake biyan kuɗinta, amma fim kullum sai an saya, kuma duk lokacin da aka danna maɓalli an ci kuɗi ta hanya uku: kuɗin fim ɗin kansa, kuɗin wanki, da kuɗin mayar da dodon hoton ya zama hoton da ido zai kalla, ko a takarda ko a kwamfuta. Naɗi ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 yana ɗaukar hoto 36, ko 24 idan gajere ne, kuma mai koyo yana iya cinye shi a yammaci guda ba tare da ya sami hoto uku na kirki ba. Haka koyon yake, domin hannu ba ya faɗawa sai an ɓata da yawa. Matsalar ita ce idan fim ya yi tsada mutum yakan fara jin tsoron danna maɓalli, ya riƙa adana naɗi ɗaya wata da watanni yana jiran hoton da ya cancanta, har ya manta yadda ya saita kyamarar a hoton farko kafin ya ga sakamakonsa.

Na shafe lokaci mai tsawo ina neman fim ɗin da zan riƙa ɓatawa ba tare da raina ya ɓaci ba, kuma a ƙarshe na tsaya a kan guda biyu, dukansu na baƙi da fari: Kentmere Pan 400 da Fomapan. Kafin in yi bayaninsu, ya kamata in faɗi ma'aunin da na auna su da shi, domin ba farashin da ke jikin kwali kaɗai na duba ba. Fim ɗin koyo shi ne wanda ba ya yi wa mai shi ƙarya. Idan hoto ya fito da duhu, dole ne in iya tabbatar da cewa ni na rage masa haske, ba fim ɗin ne ya lalace ba, kuma idan na gyara kuskuren a naɗi na gaba, dole ne gyaran ya bayyana. Fim ɗin da halinsa ke sauyawa daga wannan naɗi zuwa wancan, ko kyauta aka ba da shi, ya yi tsada ga mai koyo, saboda zai biya kuɗin wanki kuma bai ƙaru da komai ba.

Wannan ma'auni ne ya raba ni da abin da na fara gwadawa, wato fim ɗin da wa'adinsa ya wuce. Shi ne abin da ke fara jan hankalin mai neman araha a intanet, inda ake tallarsa tuli guda a kan kuɗi kaɗan. Na taɓa sayen irinsa daga wani mai sayarwa da ya ba da tabbacin cewa a firiji ya ajiye shi tun da ya saya. Naɗi na farko ya fito ba laifi, na biyu ya fito da hazo kamar an ɗauki hoton ta bayan labule, na uku kuwa launinsa ya karkata gaba ɗaya, ga shi duk kwali iri ɗaya ne da kwanan wata ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shafen da ke kan fim ƙwayoyin gishirin azurfa ne a cikin jelatin, kuma waɗannan ƙwayoyi ba haske kaɗai ke taɓa su ba: zafi, danshi, da tururin radiyeshon da ke cikin yanayi a ko'ina suna taɓa su a hankali, har fim ɗin ya fara yin duhu shi kaɗai tun ba a sa shi a kyamara ba. Fim mai saurin kama haske ya fi saurin tsufa, mai kala kuma ya fi baƙi da fari lalacewa, domin shimfiɗun launinsa ba sa tsufa a tare. Masu harkar suna da wata ƙa'ida ta kintace, cewa a ninka wa fim haske sau ɗaya a kan kowace shekara goma da ya wuce wa'adi, amma ƙa'idar ba ta san ko fim ɗin ya yi shekarun nan a firiji ne ko a cikin aljihun mota ba. Ƙwararren da ke son launi mai ban mamaki yana iya wasa da shi. Mai koyo kuwa ya bar shi, domin a nan ne na fahimci dalilin da ya sa ake cewa araha ba ta ado.

Daga nan na duba fim mai kala sabo, irin su Kodak Gold 200 da ColorPlus 200, waɗanda suke cikin na ƙasa a farashi a jerin Kodak. Fim ne masu kyau, masu haƙuri da kuskuren haske, musamman idan hasken yawa ya yi ba ƙaranci ba. Sai dai fim mai kala yana da wuyar ƙerawa, saboda ana shimfiɗa masa sassa masu kama shuɗi da kore da ja ɗaya bisa ɗaya, kowanne da kaurin da bai kai gashin kai ba, kuma masana'antun da suka rage a duniya masu iya wannan aiki ba su da yawa. Lokacin da kyamarar dijital ta mamaye kasuwa, AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Kodak ya nemi kariya daga masu binsa bashi a 2012, Fujifilm kuma ya yi ta janye nau'o'in fim ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ciki har da Pro 400H a 2021. Da matasa suka dawo wa fim, sai masu nema suka fi abin da ake samarwa yawa, farashi kuwa ya bi hanyar da ya saba bi a irin wannan hali. Ga kuma batun wanki. Tsarin C-41 da ake wanke fim mai kala da shi yana buƙatar ruwan sinadari ya tsaya a kusan digiri 38 ba tare da ya motsa ba, shi ya sa mafi yawan mutane ke kai wa gidan wankin hoto. A can kuma na'urar da ke mayar da dodon zuwa hoto takan gyara haske da launi da kanta, sai mai koyo ya karɓi hotuna masu kyau bai san cewa rabinsu ya ɓata su ne na'ura ta rufa masa asiri ba.

Akwai wata hanya da ake yawan tallatawa, wato fim ɗin sinima irin Kodak Vision3 da wasu ke saye a manyan naɗi su yanyanka su zuba a ƙananan gwangwanaye. Launinsa yana da kyau ƙwarai, kuma sau da yawa ya fi fim mai kala na kanti sauƙi. Amma wanda aka daɗe ana yi yana da wani baƙin shafe na gawayi a bayansa, wanda aka yi domin hana haske dawowa da kuma kare fim a cikin kyamarar sinima, kuma tsarin wankinsa daban ne, ana kiransa ECN-2. Idan aka jefa shi cikin injin C-41 ba a cire shafen ba, yana ɓata sinadarin injin har ya shafi fim ɗin wasu mutane. Wanda ba shi da gidan wankin da ke karɓar irinsa kusa da shi, ribar da ya ci a wurin saye za ta tafi a kuɗin aikawa.

Shi ya sa na koma baƙi da fari, inda shafe ɗaya ne, masu ƙerawa sun fi yawa, kuma ana iya wankewa a gida.

Kamfanin Harman Technology ne ke yin Kentmere a masana'antarsa da ke Mobberley a Ingila, inda ake yin fim ɗin Ilford irin su HP5 Plus da FP4 Plus. Asalin Kentmere kamfanin takardar hoto ne, Harman ya saye shi a 2007, ya mayar da sunan na kayansa masu sauƙin kuɗi. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai saye, domin ma'anarsa ita ce ana shafa fim ɗin a gida ɗaya da manyan 'yan'uwansa, kuma abin da na fi yabawa a gare shi ke nan. Duk naɗin da na wanke ya fito da hali irin na wanda ya gabace shi. Lambar 400 da ke jikin kwali gaskiya ce a aikace: idan na saita ma'aunin haske a 400 na wanke yadda takardar bayanin kamfanin ta ce, inuwa takan fito da abin da ke cikinta, ba baƙi ƙirin ba. Ga wanda bai saba da waɗannan lambobi na ISO ba, duk lokacin da lamba ta ninka, hasken da fim ke buƙata ya ragu da rabi, don haka mai 400 yana isar da kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da mai 100 ke nema. Wannan rata ce ke ba mai koyo damar ɗaukar hoto a inuwa, ko da la'asar sakaliya, ko a cikin ɗaki kusa da taga, yana riƙe da kyamara a hannu ba tare da hoton ya girgiza ba.

Halin Kentmere 400 mai sanyi ne. Bambancin da ke tsakanin baƙi da farinsa ba shi da kaifi, hoton yakan cika da toka-toka iri-iri, kuma wanda ya saba ganin hotunan baƙi da fari masu tsananin duhu da tsananin haske yana iya cewa ba shi da armashi a kallon farko. Ni kuwa wannan sanyi nake ɗauka alheri. Dodon da ya riƙe abin da ke cikin inuwa da abin da ke cikin hasken rana a lokaci guda ana iya ƙara masa kaifi daga baya, a kwamfuta ko a ɗakin duhu, amma wanda inuwarsa ta riga ta toshe babu abin da zai dawo da ita. Yashin hotonsa, wato ɗige-ɗigen da ƙwayoyin azurfa ke bari, a bayyane yake, musamman a sararin sama da bango mai launi ɗaya, sai dai ba mai muni ba ne. Idan haske ya yi ƙaranci ana iya saita kyamara a 800 a ƙara masa lokaci a wanki, ya jure, kuma a nan ne ma kaifin da wasu ke nema yake fitowa. Wani ƙaramin abu da ba a cika ambata ba shi ne yana bushewa a miƙe ba ya nannaɗewa, wanda duk mai ƙoƙarin shimfiɗa fim a na'urar sikana ya san darajarsa. Shin ya kai HP5 Plus? A ganina bai kai ba idan aka matsa masa sosai a cikin duhu, amma a hoton da aka ɗauka da rana aka buga a matsakaiciyar takarda, ba kowane ido ne zai raba su ba, kuma mai koyo ba ya cikin masu rabawar.

Fomapan kuwa daga Jamhuriyar Cek yake fitowa, daga kamfanin Foma Bohemia da ke garin Hradec Králové, wanda tarihinsa ya faro tun 1921. Yana zuwa a 100 da 200 da 400, kuma a mafi yawan kasuwanni yana cikin mafi araha a duk fim ɗin da ake shafawa sabo. Shi ne kuma ake sayarwa a Amurka da sunan Arista EDU Ultra, domin ɗalibai. Fomapan 100 fim ne mai kwarjini. Baƙinsa yana da zurfi, farinsa yakan yi wani ɗan sheƙi a gefen abubuwa masu haske, kuma hoton yakan yi kama da na zamanin da, ta yadda ko tsohuwar ƙofa aka ɗauka sai ta zama abin kallo. Wasu daga cikin hotunan da na fi so a duk abin da na ɗauka da shi na ɗauke su, kuma ba na jin akwai fim ɗin da ya fi shi ba da kyau a kan kuɗinsa idan rana tana sama.

Amma fim ne da ke son a san halinsa. Masu amfani da Fomapan 400 da yawa ba sa saita kyamara a 400, sukan saita ta a 200 ko 250, saboda a yawancin sinadaran wanki yana son haske fiye da abin da lambarsa ke nunawa. Ga wanda ya sani, gyaran daƙiƙa ɗaya ne. Ga mai koyon da bai sani ba, zai ga inuwa ta toshe ya zargi ma'aunin haskensa ko hannunsa. An kuma san shafen Foma da laushi idan yana jiƙe, don haka ba a goge shi da yatsa ko da roba bayan wanki, a rataye shi kawai ruwan ya tsiyaye. Sai batun hoton dare. Kusan kowane fim yana rage kuzari idan aka bar ƙofar haske a buɗe fiye da daƙiƙa ɗaya, amma ba daidai suke ragewa ba. Takardar bayanin Foma da kanta ta nuna cewa a Fomapan 100, idan ma'auni ya ce daƙiƙa 10, sai a ninka sau takwas, wato daƙiƙa 80, alhali a Kentmere 400 daƙiƙa 10 kan koma kusan 20 ne kawai. Wanda ke son koyon ɗaukar hoton titi da dare a kan sanda mai ƙafa uku zai ji wannan bambanci a ƙafafunsa.

Hukuncina a tsakaninsu shi ne Kentmere 400 ya fi dacewa da naɗi ashirin na farko, Fomapan 100 kuma ya biyo baya, lokacin da mutum ya riga ya san hannunsa yana neman fim mai halin kansa. Da zan ba mai koyo shawara ɗaya tak, da na ce ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zauna a kansa, da sinadarin wanki ɗaya, har sai ya iya kallon wuri ya san yadda zai fito tun kafin ya danna. Yawon ɗanɗana fim iri-iri yana da daɗi, ni ma na yi shi, amma ya jinkirta mini koyo ƙwarai, domin duk lokacin da hoto ya ɓaci akwai abubuwa biyar da zan zarga. A nan ya kamata a yi hattara da kwalaye masu ado da sunaye masu jan hankali da suka cika kasuwa. Masana'antun da ke shafa fim a duniya kaɗan ne, don haka da yawa daga cikin waɗannan sunaye fim ɗin wani kamfani ne aka sake wa riga aka ƙara kuɗi, wasu kuma fim ne da aka yi domin ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama ko domin wani aikin masana'anta, masu kaifin da ba ya yafe kuskure. Duba ƙasar da aka rubuta an yi fim ɗin a gefen kwali yakan tona asirin da yawa.

Babbar arahar ba a zaɓen suna take ba, a yadda ake saye take. Kentmere da Fomapan duka ana sayar da su a babban naɗi mai tsawon mita 30.5, wato ƙafa 100, a cikin baƙar leda da gwangwani ko kwali. Naɗi mai hoto 36 yana cin kusan mita 1.6, saboda haka babban naɗi ɗaya yana ba da ƙanana kamar 18. Ana buƙatar na'urar naɗe fim, wadda akwati ce da haske ba ya shiga, da gwangwanaye marasa komai, da salatif, da almakashi. Sau ɗaya kawai ake buƙatar duhu, lokacin sa babban naɗin a cikin na'urar, kuma jakar duhu mai hannuwa biyu ta isa. Sauran aikin da fitila a kunne ake yi. Ragin kuɗin ya danganta da kasuwa, kuma ya kamata mutum ya yi lissafi da kansa kafin ya saya, ya raba kuɗin babban naɗin gida 18 ya gwada da kuɗin naɗi ɗaya na kanti, domin a wasu nau'o'in fim masu tsada bambancin ba ya taka kara ya karya. A waɗannan biyun dai na sami ragin da ya biya kuɗin na'urar.

Akwai wata riba da ta fi ragin kuɗi a wurina, ita ce ikon yanke gajeren naɗi. Idan ina son in gwada abu ɗaya, misali yadda fuska ke fitowa idan haske yana bayanta, sai in naɗe hoto 12 kawai, in ɗauke su a sa'a guda, in wanke a daren, in duba tun ban manta abin da na yi ba. Gaskiya ne gajeren naɗi yana ɓata fim kaɗan, domin kowane naɗi yana asarar 'yan santimita a kai da a gindi, amma saurin ganin sakamako ya fi wannan asara daraja nesa ba kusa ba. Kurakuran wannan hanya kuwa na yi su duka, kuma duka laifina ne. Na taɓa ƙin manna salatif da kyau, fim ɗin ya tsinke daga sandarsa a ƙarshen naɗi, sai da na buɗe kyamarar a cikin jakar duhu na ciro shi. Na kuma taɓa maimaita gwangwani ɗaya har ƙura ta maƙale a ƙyallen karan-miskin da ke bakinsa, ta ja layi siriri daga hoton farko har na ƙarshe. Tun daga nan nake tsabtace bakin gwangwani da salatif kafin kowane naɗi, kuma ina yar da shi bayan ya yi zagaye kaɗan. Sai kuma a tuna cewa ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu suna karanta saurin fim ne daga wasu murabba'ai masu launin azurfa da baƙi a jikin gwangwani, tsarin DX da Kodak ya fito da shi a 1983. Idan gwangwanin da aka sake cikawa ba shi da wannan alama, da yawa daga cikin irin waɗannan kyamarori sukan ɗauka fim ɗin mai 100 ne. Kyamarar da ake saita ta da hannu ba ruwanta da wannan.

Wanki a gida shi ne rabin arahar na biyu, kuma ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsammani. Ba a buƙatar ɗakin duhu. Jakar duhun nan, da tankin wanki mai ƙugiyar naɗe fim a ciki, da ma'aunin zafi, da kofin awo, da sinadarai biyu sun wadatar: ɗaya mai fito da hoton, ɗaya mai kafe shi ya wanke azurfar da haske bai taɓa ba. Ana aikin a digiri 20, kuma idan ruwan ya fi haka ɗumi kaɗan, akwai jadawalin da ke nuna yawan lokacin da za a rage. Mafi araha a cikin masu fito da hoto shi ne Rodinal, wanda aka yi wa rajista tun 1891 kuma har yau ake sayar da shi da wannan suna ko da sunan R09. Ana tsarma kashi ɗaya nasa a kashi 50 na ruwa, tankin naɗi ɗaya kuma kusan mililita 300 yake ci, wato mililita 6 na sinadarin, don haka kwalba mai rabin lita tana iya wanke naɗi kusan 80, ga shi tana daɗewa a ajiye ba ta mutu ba. Sai dai Rodinal ba ya ɓoye yashin hoto, fito da shi yake yi. Da Fomapan 100 sun dace kamar don juna aka yi su, amma da fim mai 400 yashin yakan yi kauri. Ga Kentmere 400 na fi son D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927, ko takwaransa ID-11 na Ilford, garin da ake jiƙawa a ruwa, mai ba da yashi mai laushi da cikakken saurin fim, ko da yake bayan an haɗa shi watanni kaɗan yake yi kafin ƙarfinsa ya fara raguwa.

Wanda ba shi da halin wanki a gida ya tambayi gidan wankin da zai kai wa tun kafin ya sayi fim, domin wasu injin C-41 kaɗai gare su, wasu kuma suna cajin baƙi da fari fiye da mai kala saboda da hannu ake yi. A irin wannan hali lissafin yakan juye, har Ilford XP2 Super, wanda baƙi da fari ne amma da C-41 ake wanke shi, ya iya zama mafi sauƙi idan aka haɗa kuɗin duka, duk da cewa a kanti ya fi Kentmere tsada. Wasu kuma sukan rage kashe kuɗi ta ɓangaren kyamara, su nemi mai raba hoto biyu, irin Olympus Pen da ta fara fitowa a 1959 ko Pentax 17 ta 2024, wadda ke fitar da hoto 72 daga naɗin 36. Dabara ce mai kyau, amma dodon ya ragu zuwa kusan milimita 18 da 24, yashi yakan ninka fitowa idan aka faɗaɗa hoton, kuma cika hoto 72 kafin a ga ko ɗaya yana ƙara nisan da ke tsakanin kuskure da gane shi.

Ajiya ba ta da wuya. Fim ɗin da ba a buɗe ba ya zauna a firiji a cikin robarsa, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe don kada raɓa ta sauka a kansa, babban naɗi kuma a ba shi lokaci fiye da haka. Fim ɗin da wa'adinsa ya kusa cika, wanda manyan dillalai kan karya wa farashi, ba ɗaya yake da tsohon fim ɗin da na yi magana a kansa ba: baƙi da fari da ya rage wata biyu ko uku, daga hannun dillalin da ya ajiye shi a sanyi, lafiyarsa ƙalau, kuma idan na gamu da irinsa ina saye. A tafiya ta jirgin sama kada a sa fim a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi, kuma sababbin na'urorin binciken kaya masu amfani da CT, irin hoton cikin jiki da ake yi a asibiti, suna iya ɓata shi a wucewa ɗaya, don haka a roƙi jami'an su duba shi da hannu.

A yanzu babban naɗin Kentmere 400 ne a cikin na'urata, akwai kuma 'yan naɗin Fomapan 100 a firiji domin ranakun da rana ta fito sosai. A jikin kowane gwangwani ina manna takarda in rubuta lambarsa, a ɗan littafi kuma in rubuta saurin ƙiftawa da faɗin ƙofar hasken kowane hoto, da sinadarin da na wanke shi da shi da mintocin da ya yi. Bayan fim ya bushe nakan ɗaga shi a gaban taga da littafin a ɗaya hannun, in nemi wuraren da dodon ya yi fari fat babu komai a ciki, domin nan ne inuwar da na hana haske, sa'an nan in duba lambar da na rubuta a gefenta.